Yadda Katikis Zai Koyar da Ɗayantakar Ikilisiya a Ajin Manya a Birnin Kano

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ajin manya masu shirin baftisma a wata majami'ar Katolika a Kano ya san cewa akwai jimla guda a cikin Shaidar Bangaskiya wadda ake haddacewa cikin minti ɗaya, amma bayaninta yakan cinye makonni, wato wurin da muke shaida cewa Ikilisiya ɗaya ce, mai tsarki, katolika, kuma ta manzanni. Ɗalibin da ya furta wannan da safiyar Lahadi zai fito ya bi titunan Sabon Gari, kuma kafin ya kai inda zai hau adaidaita sahu ya wuce allunan coci-coci iri-iri, kowanne da sunansa da shugabansa da lasifikarsa, don haka dole ya tambayi kansa ina ɗayantakar da aka ce masa akwai. Wannan rubutu na katikis ne, da duk wani malami ko malama da Fada ya ɗora wa nauyin wannan darasi, kuma na tsara shi bisa aji mai haɗuwa sau ɗaya a mako na tsawon sa'a guda, wanda zai ba wannan batu Lahadi biyar ko shida kafin Ista.

Shawarar da zan fi nanatawa ita ce kada malami ya raba darasin gida biyu, ya yi mako guda a kan Ikilisiya ta ruhu wadda ba a gani, sannan ya yi wani makon a kan Fafaroma da bishop-bishop da dokoki. Ɗalibin da aka koyar ta wannan hanya yakan fita da Ikilisiya biyu a kansa, ɗaya ta zuciya ɗaya ta ofis, kuma ranar da wani Fada ko wani ɗan kwamiti ya ɓata masa rai sai ya riƙe ta farkon ya watsar da ta biyun. Koyarwar Katolika ta tsaya ne a kan cewa abu guda ne, kuma aikin malami shi ne ya sa ɗalibi ya ga ruhun a cikin abin da idonsa yake gani.

A fara da kalmomin da ɗalibai suka zo da su

A rana ta farko kada ka buɗe littafi tukuna. Ka tambayi ajin abin da suke nufi idan suka ce coci, ka bar kowa ya faɗi nasa. Za ka ji cewa mafi yawansu gini suke nufi, wasu kuma suna nufin reshen da suke bi, kamar yadda ake tambayar mutum wace coci yake zuwa. Daga nan ka rubuta kalmomi huɗu a allo, wato coci, majami'a, ɗarika da Ikilisiya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Coci aro ce daga Turanci, kuma a bakin mutanen Kano ta fi karkata ga gini. Majami'a tana da asali ɗaya da jama'a, saboda haka ta fi kusa da ma'anar wurin taruwa. Ikilisiya kuwa ta samo asali daga Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kuma tana nufin taron mutanen da aka kirawo. Ka tsaya a kan wannan kira, domin shi ne bambancin Ikilisiya da ƙungiyar 'yan kasuwar Kwari ko ta direbobin tasha. Ƙungiya mutane ne suke zama su kafa ta, su rubuta tsarin mulkinta, su kuma rushe ta idan sun ga dama, amma Ikilisiya amsa kiran wani ce, kuma mai kiran shi ne Allah.

Kalmar ɗarika tana bukatar kulawa ta musamman a Kano, garin da kowane yaro ya san Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Gidajen rediyo sukan ce ɗarikar Katolika, kuma babu dalilin tayar da jijiyar wuya a kan wannan a kasuwa ko a wurin aiki. Sai dai a cikin aji ya kamata ɗalibi ya san cewa Ikilisiyar Katolika ba ta ɗauki kanta a matsayin tafarki guda a cikin tafarkai masu yawa da wani shehi ya assasa ba. Kalmar katolika kanta tana nufin abin da ya game duka, kuma mafi daɗewar rubutun da aka same ta a ciki ana siffanta Ikilisiya da ita shi ne wasiƙar Ignatiyus, bishop na Antakiya, zuwa ga Kiristocin Simirna a farkon ƙarni na 2, inda ya ce duk inda Yesu Almasihu yake, nan Ikilisiya katolika take. Siffofin nan huɗu da muke furtawa ranar Lahadi kuwa suna cikin shaidar da ta fito daga taron Kustantiniyya na shekarar 381, wanda ya ƙarasa aikin taron Nikiya na 325.

Inda ɗayantakar ta samo tushe

A mako na biyu ka sa a karanta Yohanna sura 17 daga aya 20 zuwa 23 da babbar murya, sau biyu, saboda a kowane aji akwai waɗanda ba su iya karatu ba kuma ba za su faɗa maka ba. A nan ne Yesu, a daren da za a bashe shi, ya roƙi Uban domin masu ba da gaskiya gare shi su zama ɗaya kamar yadda shi da Uban suke ɗaya, domin duniya ta gaskata. Ka ja hankalinsu ga kalmar nan kamar. Ma'aunin ɗayantakar Ikilisiya shi ne ɗayantakar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma wannan ne ya sa Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya, a cikin kundinta kan Ikilisiya mai suna Lumen Gentium, wato Hasken Al'ummai, wanda aka fitar ranar 21 ga Nuwamba 1964, ta ari maganar Waliyyi Siprian, wani bishop na Arewacin Afirka a zamanin dā, ta kira Ikilisiya jama'ar da aka mai da ɗaya daga ɗayantakar Allah Uku Cikin Ɗaya.

A nan nake roƙon malami ya bambanta haɗin kai da ɗayantaka. Haɗin kai abu ne da mutane suke ƙullawa, yau akwai shi gobe babu. Ɗayantaka kuwa kyauta ce da aka riga aka bayar, shi ya sa Bulus a Afisawa sura 4 bai ce wa mutanen Afisa su ƙirƙiro ta ba, cewa ya yi su yi ƙoƙarin kiyaye ta, sannan ya jero dalilin: jiki ɗaya, Ruhu ɗaya, bege ɗaya, Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, Allah ɗaya Uban duka. Da zarar ka faɗi wannan, wani dattijo a ajin zai kawo maka karin maganar tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ka karɓa da godiya, amma ka nuna iyakarta cikin ladabi. Tsintsiya daga waje aka ɗaure ta, tsinkayenta busassu ne, kuma idan igiyar ta tsinke kowane tsinke yana nan yadda yake, bai rasa komai na kansa ba. Misalin da Bulus ya zaɓa a 1 Korintiyawa sura 12 jiki ne mai rai, inda hannun da aka yanke ba ya ci gaba da zama hannu na dogon lokaci, inda kuma ciwon ɗan yatsa yake hana kai barci. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya ƙarasa misalin da cewa abin da rai yake ga jikin mutum, shi Ruhu Mai Tsarki yake ga jikin Almasihu, wato Ikilisiya.

Misalin da na ga ya fi zama a zukatan mutanen Kano shi ne na gurasa, kuma ina ba da shawara a kashe masa rabin sa'a ba tare da gaggawa ba. Ka zo aji da gurasa guda irin wadda ake gasawa a tanderu, da kuma ɗan tafin alkama a ƙaramin kwano. Ka sa a karanta 1 Korintiyawa 10:17, inda Bulus ya ce tun da gurasar ɗaya ce, mu da muke da yawa jiki ɗaya ne, gama dukanmu gurasa ɗaya muke ci. Sannan ka tambayi matan da ke ajin yadda alkama take zama gurasa, ka bar su su koyar da kai, domin sun fi ka sani. Za su ce sai an niƙa, an kwaɓa da ruwa, an sa a wuta. Wannan shi ne ainihin bayanin da Agustin ya yi wa sababbin masu baftisma a Hippo, garin da yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya. Ya ce musu dā su ƙwayoyi ne a warwatse, azumi da addu'o'in shiri suka niƙa su, ruwan baftisma ya kwaɓa su, wutar Ruhu Mai Tsarki kuma ta gasa su. Ka ɗaga gurasar ka tambaya ko akwai wanda zai iya nuna wace ƙwaya ce ta fito daga gonar Kura, wace ce kuma ta zo daga wata ƙasa. Kafin a tashi ka bayyana musu sarai cewa wannan gurasa misali ce kawai, ba Jibi Mai Tsarki ba ce, kuma gurasar da ake keɓewa a bagadenmu ba ta da yisti, don kada wani ya koma gida da ruɗani.

Abin da ido yake gani da abin da ba ya gani

Mako na uku shi ne mafi nauyi, kuma a nan ne malamai da yawa suke tuntuɓe, har da ni a shekarun farko, lokacin da nakan fara da Matiyu 16:18 da maganar Bitrus da dutse, don kawai ina so ɗalibaina su sami abin kayar da abokan gardamarsu. Daga baya na lura cewa Lumen Gentium kanta ba ta bi wannan jeri ba. Babinta na farko a kan asirin Ikilisiya ne, na biyu a kan Jama'ar Allah, sai a na uku ta zo kan bishop-bishop da Fafaroma. Malami ya bi wannan jeri, domin wanda ya fara sanin sarauta kafin ya san asiri zai ɗauki Ikilisiya kamar wata masarauta ce mai hakimai da dagatai.

Sakin layi na 8 na wannan kundi shi ne zuciyar darasin. Yana koyar da cewa jama'ar da ake gani, mai shugabanni da tsari, da kuma jikin Almasihu na asiri, ba za a ɗauke su abubuwa biyu ba, gaskiya ɗaya ce mai fuska ta mutuntaka da ta allahntaka, kuma ya kwatanta wannan da yadda Kalman Allah ya zama mutum. Ka bayyana wa ajin haka: mutanen Nazarat sun ga kafinta wanda yake jin yunwa da gajiya, kuma ba su yi kuskure ba, kafinta ne, amma wanda ya tsaya a nan bai san shi ba. Haka wanda ya dubi Ikilisiya ya ga rajistar baftisma da kwandon baiko da taron kwamiti, abin da ya gani gaskiya ne, sai dai bai gama gani ba. Wannan koyarwa ba a 1964 ta fara ba. Fafaroma Leo na 13 ya rubuta wasiƙa a kan ɗayantakar Ikilisiya a 1896, Fafaroma Pius na 12 kuma ya rubuta a kan Ikilisiya a matsayin jikin Almasihu a 1943, dukansu suna gargaɗi a kan raba Ikilisiyar ruhu da Ikilisiyar da ake gani.

Kurakurai biyu ne za ka tarar a bakin ɗalibai. Na farko shi ne na mai cewa bangaskiya a zuciya take, don haka ba ya bukatar zuwa Mas ko furta zunubi gaban Fada, zai yi addu'arsa a ɗaki. Ka amsa masa da cewa Yesu ya zaɓi mutum goma sha biyu masu sunaye, ya yi amfani da ruwa da gurasa da ruwan inabi da ɗora hannu, kuma Ayyukan Manzanni 2:42 ta nuna masu bi na farko suna nacewa ga koyarwar manzanni da tarayya da gutsuttsura gurasa da addu'a, waɗanda duk a fili ake yin su tare da jama'a. Ko Bahaushe ya san zumunci a ƙafa yake. Kuskure na biyu shi ne na mai ganin tun da sunansa yana cikin rajista, yana biyan kuɗin zumunta, yana da ɗinkin ankon bikin girbi, to ya gama. Shi kuma ka karanta masa gargaɗin sakin layi na 14 na Lumen Gentium, cewa wanda bai dawwama cikin ƙauna ba, ko da yana cikin Ikilisiya da jiki, ba ya cikinta da zuciya, kuma ba zai tsira ta haka ba. A ganina kuskure na biyu ya fi yawa a majami'unmu, kuma ya fi wuyar magani domin mai shi ba ya jin ciwo.

Wani zai ɗaga hannu ya tambaya yadda Ikilisiya za ta zama mai tsarki alhali an san abin da wasu shugabanninta suka aikata. Kada ka musa, kada kuma ka yi kwana. Ka ba su labarin Arewacin Afirka, domin tambayar tsohuwa ce kuma a nahiyarmu aka fi fafata ta. A tsanantawar da Sarki Diyokletiyan na Roma ya fara a shekarar 303, wasu limaman Kirista sun ji tsoro sun miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma. Da ƙura ta lafa, wani ɓangare da aka sani da mabiya Donatus suka ce baftisma da naɗin da irin waɗannan mutane suka yi ba su da inganci, suka ware suka kafa nasu bishop-bishop, har gari ɗaya ya kasance da bagade biyu masu gaba da juna fiye da shekara ɗari. Amsar Agustin ita ce ko Bitrus ne ya yi baftisma, ko Bulus, ko ma Yahuza, Almasihu ne yake yin baftismar. Ya kuma tuna musu da misalin alkama da ciyawa a Matiyu sura 13, inda maigona ya hana bayinsa tuge ciyawar kafin kaka don kada su tuge da alkamar. Tsarkin Ikilisiya daga Almasihu yake, shi ya sa Lumen Gentium ta ce ita mai tsarki ce kuma kullum tana bukatar tsarkakewa, tun da masu zunubi ta rungume. Ka ƙara da cewa wannan ba hujjar rufe laifi ba ce, kuma wanda aka zalunta yana da haƙƙin kai ƙara.

Bayan wannan ne za ka kawo igiyoyin ɗayantaka da ake gani, waɗanda Katikisim na Ikilisiyar Katolika na 1992 ya jera a sakin layi na 815: shaida bangaskiya ɗaya da aka karɓa daga manzanni, yin sujada tare musamman sakramentai, da gadon manzanni ta hanyar naɗin bishop-bishop. Maimakon dogon bayani, ka ba su aikin gida. Ka ce a Mas ta Lahadi mai zuwa su kasa kunne a lokacin babbar addu'ar keɓe gurasa, su dawo su faɗa maka sunaye biyu na rayayyun mutane da Fada ya ambata. Za su dawo da sunan Fafaroma da na bishop, kuma daga nan bayanin ya yi sauƙi: Fada ba da ikon kansa yake tsaye ba, yana tarayya da bishop, bishop kuma yana tarayya da magajin Bitrus da sauran bishop-bishop na duniya. Ka gaya musu cewa Kano ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop, a 1999, ta ƙunshi jihohin Kano da Jigawa, tana cikin lardin Kaduna, bishop ɗinta na farko shi ne Patrick Sheehan, mutumin ƙasar Ayalan, kuma John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. Dukansu biyu 'yan zumuntar Waliyyi Agustin ne, haka ma Fafaroma Leo na 14 da aka zaɓa a watan Mayun 2025, wanda takensa, da ya ɗauko daga Agustin, yake cewa a cikin Ɗayan nan mu ɗaya ne.

Ka kuma kiyaye kada su ɗauka ɗayantaka tana nufin kowa ya yi kama da kowa. Ban da Ikilisiyar Latin wadda muke cikinta, akwai Ikilisiyoyin Katolika na Gabas guda 23 masu tarayya da Fafaroma, kowace da tsarin sujadarta, kamar Maroniyawan Lebanon da Kibɗawan Katolika na Masar da na Habasha da Eritiriya. Wasunsu da gurasa mai yisti suke sujada, kuma a yawancinsu ana naɗa mai aure firist.

Tambayoyin da ba makawa za su zo

Kusan kowane ɗalibi a Kano yana da ɗan'uwa a ECWA ko Angilikan ko Baptis ko wata cocin Fentikos, wani ma matarsa ce ko mijinta, saboda haka tambayar matsayinsu ba ta gardama ba ce, ta cikin gida ce. Ka faɗi koyarwar dukanta, kada ka ɗauki rabin da ya yi maka daɗi. Ikilisiyar Katolika ta gaskata cewa Ikilisiya ɗaya da Almasihu ya kafa tana nan tabbace a cikinta, da cikar hanyoyin ceto. Ta kuma koyar, a wuri guda, cewa akwai abubuwa masu yawa na tsarkakewa da na gaskiya a wajen iyakokinta da ake gani, kamar Maganar Allah da bangaskiya da bege da ƙauna. Dokar Majalisar Vatikan ta Biyu kan ɗayantakar Kirista, wadda ta fito rana ɗaya da Lumen Gentium, ta ce laifin rabuwar ya rataya a wuyan mutanen ɓangarorin biyu, kuma waɗanda aka haifa yau a cikin waɗancan jama'u ba za a ɗora musu zunubin rabuwar ba, 'yan'uwa ne cikin Ubangiji. Shi ya sa wanda aka yi wa baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a wata coci, idan ya zo Katolika ba a sake masa baftisma, karɓarsa ake yi cikin cikakkiyar tarayya. Idan akwai irinsu a ajinka, ka kai sunayensu ga Fada da wuri don a bincika takardunsu. Shi ya sa kuma ba ma cin Jibi tare, domin cin gurasa ɗaya shaida ce ta cikakkiyar ɗayantaka, kuma ba daidai ba ne a shaida da baki abin da bai riga ya tabbata ba. Tarihin rabe-raben, na shekarun 451 da 1054 da 1517, ka taɓa shi a taƙaice kawai, domin ajin baftisma ba ajin tarihi ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne ka nuna musu abin da za su iya yi, kamar shiga makon addu'a domin ɗayantakar Kirista daga 18 zuwa 25 ga Janairu, da kame baki daga yi wa sujadar wasu ba'a. Ka kuma bambanta musu wannan da ƙungiyar Kiristocin Najeriya ta CAN, wadda aka kafa a 1976 kuma Katolika na cikinta: haɗin kai ce mai amfani don magana da murya ɗaya, amma ba ita ce ɗayantakar da Yesu ya yi addu'a dominta ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta maƙwabta Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan mutanen garin, kuma ga Bahaushe Kirista sau da yawa su ne kawunai da gwaggwanni. Sakin layi na 16 na Lumen Gentium ya ambace su da suna, ya ce suna shaida riƙo da bangaskiyar Ibrahim, kuma tare da mu suna yi wa Allah ɗaya mai jinƙai sujada, wanda zai yi wa mutane shari'a a ranar ƙarshe. Sanarwar Nostra Aetate, wadda Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar a 1965, ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa. Ka faɗi wannan yadda yake, ka kuma faɗi cewa bambancin da ke tsakaninmu a kan Almasihu da Triniti, wato Allah Uku Cikin Ɗaya, na gaske ne, ba a shafe shi don neman zaman lafiya, ba a kuma mai da shi abin tsokana. Kada ka bar ajin ya zama dandalin zagin kowa, ko da wani ya zo da ciwon abin da ya same shi a rikicin baya. Ka saurare shi bayan an tashi.

Gwajin da ke cikin gida

Mako na ƙarshe ka mai da idon ajin kan majami'arsu, domin a Kano barazanar da ta fi kusa da ɗayantaka ba daga wata coci take zuwa ba. Majami'a guda tana iya ƙunsar Ibo da Tibi da Idoma da Yarbawa da mutanen kudancin Kaduna da na Filato, ga kuma Hausawa 'yan asalin ƙauyukan Kano da Jigawa waɗanda har yau wani ɗan'uwansu Kirista yakan yi mamakin ganinsu a coci. Na taɓa zama a wata majami'a inda rabon lokacin Mas ta Hausa da ta Turanci ya zama rigimar da ta hana dattawa gaisawa na watanni, kowane ɓangare yana ƙirga baikon da yake kawowa. Ka sa a karanta Ayyukan Manzanni sura 6, inda masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata a rabon abinci na kullum. Rigimar harshe ce da ƙabila a Ikilisiyar farko ta Urushalima, kuma manzanni ba su ce a yi shiru don kare sunan jama'a ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai, waɗanda duka sunayensu na Helenanci ne, aka danƙa musu aikin. Taron bishop-bishop na Afirka da aka yi a Roma a watan Afrilun 1994, daidai lokacin da ake kisan ƙare dangi a Ruwanda, ƙasar da Katolika suka fi yawa, ya zaɓi siffanta Ikilisiya da Iyalin Allah, kuma Fafaroma John Paul na 2 ya tabbatar da wannan a wasiƙar da ya sa wa hannu a Yawunde a 1995, yana gargaɗi a kan fifita ƙabila. Ka tambayi kowane ɗalibi ya faɗi sunan mutum guda a majami'ar wanda ba yarensu ɗaya ba kuma ya taɓa zuwa gidansa gaisuwar rashin lafiya ko ta'aziyya. Shirun da zai biyo baya ya isa darasi, kuma aikin gidan wannan mako shi ne kowa ya je irin wannan gaisuwa kafin Lahadi. Idan za a zaɓa wa masu baftisma iyayen baftisma, ka ƙarfafa wasu su nemi wanda ba ɗan garinsu ba.

Idan hali ya yi, ka nemi izinin Fada ka kai ajin babbar majami'ar Our Lady of Fatima ranar da bishop yake keɓe mai a Mako Mai Tsarki, ka kuma tambayi ranar tun da wuri domin ba kullum take faɗawa Alhamis ba. A ranar firistocin dayosis suke taruwa kewaye da bishop su sabunta alkawarinsu, a keɓe man marasa lafiya da man masu shirin baftisma da man Kirisma, sannan kowane Fada ya ɗebi rabon majami'arsa ya tafi da shi, na cikin birni da na ƙauyuka masu nisa. Ku je da wuri don ku sami wurin zama inda za su ga tulunan, kuma a hanyar dawowa ka gaya musu cewa man Kirisma da suka ga an keɓe shi ne za a shafa musu a goshi a daren Ista.